Maki Ya Yi Kyau, Gurbi Bai Samu Ba: Abin da Ke Kayar da Masu Neman Babban Digiri a Saikoloji

Kusan kowace shekara, a zangunan Ghana, a Nima ko Madina, a Aboabo ko Asawase, ana samun wanda ya gama digirin farko a saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, da sakamako na a zo a gani, ya yi bautar ƙasa, ya tura takardun neman digiri na biyu, amsa ta dawo da ban haƙuri. Daga nan gida ya ɗauki hasashe. Kawu ya ce sai da hanya, inna ta ce baki ne ya kama yaron, abokai su ce da ma ba a son ganin ɗan zango a irin wuraren nan. Ba mu ce babu son kai a duniya ba. Amma galibin takardun da ake turewa gefe, dalilin turewar na nan cikin fayil ɗin, kuma mafi yawansa yana gyaruwa cikin shekara guda.

Asalin kuskuren shi ne ɗaukar abin kamar jarrabawar WASSCE, inda mai maki mafi kyau ke wucewa gaba. A wannan mataki kusan duk wanda fayil ɗinsa ya kai teburin kwamiti makinsa mai kyau ne. Tambayar da ake yi a kan kowane fayil ita ce: cikin malamanmu wa zai ɗauki wannan, kuma me ya nuna zai iya kai bincike ƙarshe? Kamar tela ne da keke ɗaya ya rage a shagonsa, ga yara ashirin na son koyon aiki. Wanda ya riga ya iya riƙe almakashi, kuma irin ɗinkin shagon yake so, shi zai zauna a kan keken.

Kujerun kuwa kaɗan ne ƙwarai, musamman a saikolojin asibiti, kuma ba rowa ta jawo ba. Kowane ɗalibi sai an tura shi ya ga marasa lafiya a ƙarƙashin ƙwararre mai lasisi, ga kuma malamin da zai duba kundinsa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati a Ghana uku ne: na Accra, na Pantang, da na Ankaful kusa da Cape Coast, sai sassan da ke cikin manyan asibitoci irin su Korle Bu da Komfo Anokye. Iya yawan masu sa ido, iya yawan ɗalibai. A Amurka abin ya fi tsanani. Shirin PhD na asibiti yakan karɓi takardu ɗaruruwa a kan kujerun da sau da yawa ba su kai goma ba, domin jami'a ce ke yafe kuɗin makaranta, ta kuma biya ɗalibi alawus shekara biyar zuwa shida. Farfesa yakan ɗauki mutum ɗaya a shekara, wata shekarar ma ko ɗayan ba ya ɗauka.

Ƙofar da ka ƙwanƙwasa

Wasu sun faɗi tun kafin a karanta layi na biyu na takardunsu, saboda sun nemi abin da ba a buɗe musu ba, ko abin da ba ya kan hanyar burinsu. A jami'o'in gida MPhil digirin bincike ne, shekarar farko darussa, ta biyu kundi. Sashen saikoloji na Jami'ar Ghana da ke Legon yana da rassa, akwai na asibiti, akwai na masana'antu da ma'aikatu, akwai na zamantakewa, kuma a reshen asibiti cunkoso yake. Wanda harkar ma'aikata da shugabanci ce ke ransa, ya shiga layin asibiti don ya ji shi ake yayi, ya jawo wa kansa gasa mafi zafi a kan abin da takardunsa ba su nuna ba. Ka kuma tuna digiri daban, lasisi daban. Majalisar Saikoloji ta Ghana, wadda Doka ta 857 ta shekarar 2013 ta kafa, ita ke ba da izinin aiki. Kafin ka sayi fom na kowace makaranta, ta gida ko ta waje, ka tambaye ta ko tana amincewa da wannan kwas.

A Ingila, guraben digirin DClinPsy, wato digirin dakta a saikolojin asibiti, da hukumar lafiya ta NHS ke biya na masu izinin zama da aiki a ƙasar ne. Baƙo sai 'yan guraben biya-da-kanka, masu ɗan karen tsada, kuma kafin nan sai ƙungiyar masana saikoloji ta Birtaniya, BPS, ta tantance digirinka ta ba ka matsayin GBC, wato shaidar ta amince da shi. A Amurka kuma ka bambance PhD da PsyD. Na farko horon mai bincike ne da ke haɗawa da ganin marasa lafiya, tsarin da aka aza a taron Boulder na 1949. Na biyu, wanda taron Vail na 1973 ya ƙarfafa, ya fi karkata ga aikin jinya, kuma galibi ɗalibi ne ke biya. Duk wanda ya rubuta wa shirin PhD cewa burinsa kawai ya buɗe ofis ya riƙa ba mutane shawara, da bakinsa ya faɗa musu ya yi ɓatan kai.

Inda yatsa ke sauka a takardar sakamako

A Legon daraja ta ɗaya tana farawa daga 3.60, ta biyu ta sama daga 3.00 zuwa 3.59. A KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, inda ake lissafi bisa ɗari, 70 ne daraja ta ɗaya, 60 ta biyu ta sama. Aikin waɗannan lambobi shi ne su shigar da fayil ɗaki. Da ya shiga, mai dubawa ba ya daɗewa a kan jimilla. Yatsansa na sauka kan darussan ƙididdiga, hanyoyin bincike, gwaje-gwajen saikoloji, da kundin shekarar ƙarshe. Mai 3.7 da C a ƙididdiga ya fi ba kwamiti tsoro a kan mai 3.3 da A a ƙididdiga da kundi, domin mai gudun lissafi shi ne yakan maƙale a babi na huɗu na kundi, na nazarin bayanai, abokansa su sa rigar yaye su bar shi.

In raunin nan gare ka, kada ka ɓoye shi, kada kuma ka cika shafi da uzuri. Ɗauko bayanan da ka tattara a kundinka ka sake nazarinsu daga farko. Cikin manhajojin ƙididdiga SPSS aka fi koyarwa a jami'o'inmu, amma R da jamovi da JASP kyauta ne, kuma wanda ya iya R ya fi jan hankalin malaman waje. Ma'aunin iyawa shi ne ka bayyana da bakinka, ba tare da leƙa littafi ba, dalilin da ya sa ka zaɓi wannan gwaji ka bar wancan. Jimla biyu a takardar manufa sun wadatar: ga makin da ka samu a aji biyu, ga abin da ka yi daga baya da ke nuna an wuce wurin.

Masu neman waje akwai wani tarko. Ba'amurken da bai san tsarinmu ba, in ya ga 70 zai ɗauka C ne, alhali a Kumasi daraja ta ɗaya ce. Don haka ka haɗa da shafin da ke bayanin ma'anar makin, wanda yawanci yake bayan takardar, kuma in makarantar ta nemi tantancewar WES, cibiyar da ke auna sakamakon ƙasashen waje da ma'aunin can, ka zaɓi ta darasi-darasi. WES ba ta karɓar takarda daga hannunka, sai jami'arka ta aika kai tsaye. Tsakanin ofishin rajista da su, wata uku kafin ranar rufewa bai yi wuri ba.

Gogewar bincike

A nan masu ƙoƙari suka fi zubewa, don haka za mu ɗan zauna a kai. Fayil yakan zo da tarihin aiki mai ban sha'awa: sakataren ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA, koyarwa a makarantar Islamiyya ranakun Asabar da Lahadi, rabon abinci a azumi, wayar da kan matasa game da tramadol. Duk ayyukan lada ne, kuma suna da gurbinsu a shafi na biyu. Sai dai ba su amsa tambayar kwamiti ba. Abin da ke amsa ta shi ne shaidar cewa ka taɓa bin bincike daga kai har wutsiya, ko ka riƙe wani sashe nasa da kyau: rubuta neman izinin kwamitin ɗa'a mai tantance bincike kafin a fara shi, tattara bayanai, shigar da su da tsaftace su, mayar da hirar da aka naɗa zuwa rubutu, yin nazari, rubuta sakamako.

Shekarar bautar ƙasa ita ce damar da ta fi araha, kuma ita aka fi yin asararta. Tun zangon farko na aji huɗu ka je wurin malamin da kake son aikinsa ka nemi ya riƙe ka mataimakin koyarwa ko bincike a sashe. Wanda ya jira sai an fitar da sunayen wuraren aiki ya makara. In sashe ya cika, akwai cibiyar Noguchi a Legon, KCCR a Kumasi, cibiyoyin binciken lafiya na Kintampo, Navrongo da Dodowa, da ƙungiyoyi irin su BasicNeeds masu aikin lafiyar ƙwaƙwalwa. Wanda bautar ƙasa ta riga ta jefa shi banki ko ofishin gunduma, ya nemi aikin sa-kai na sa'a shida zuwa goma a mako. Wata tara a hannun malami ɗaya ya fi wata bibbiyu a wurare huɗu, domin daga irin wannan zama ne wasiƙar shaida mai nama ke fitowa.

Ɗan zango yana da jarin da yakan raina: harshe. Masu binciken da ke son shiga Nima ko Sabon Zango suna buƙatar mai jin Hausa wanda mutane za su saki jiki da shi, in ya haɗa da Twi ko Dagbani kuwa sai son barka. Mayar da hirar sa'a ɗaya zuwa rubutu yakan ci sa'a huɗu zuwa shida, ban da fassara, saboda haka ana neman hannu kullum. Da wannan ake shiga, amma kada ka tsaya a matsayin tafinta. Ka nemi a zaunar da kai wurin nazarin hirarrakin, kuma tun kafin a fara ka tambaya cikin ladabi me ake buƙata daga gare ka don sunanka ya shiga cikin marubuta. In aka bari sai an gama, maganar takan yi nauyi a baki.

Abubuwa biyu a nan suna ɓata fayil maimakon su gyara shi. Na farko mujallun bogi, waɗanda za ka biya dala kaɗan su buga maka cikin mako guda. Malamai sun san su, kuma ganin sunansu a takardarka na nufin ko ba ka san bambanci ba, ko ka ɗauka su ne ba su sani ba. Gabatar da aikinka a taron Ƙungiyar Masana Saikoloji ta Ghana ko a taron sashe ya fi irin wannan bugu uku. Na biyu bincike ba izini. Wanda ya yaɗa tambayoyi a WhatsApp game da baƙin ciki ko tunanin kashe kai, ba tare da amincewar kwamitin ɗa'a ba, ba tare da shirin inda zai tura wanda ya samu cikin haɗari ba, ya zo yana alfahari da abin da zai sa a ji tsoron ba shi marasa lafiya. Legon da KNUST duk suna da irin wannan kwamiti, kuma ta hannun malami ake bi. Haka nan kada ka rubuta cewa ka yi wa mutane jinya alhali ba ka da lasisi. Faɗi gaskiyar abin: ka zauna kallo a asibiti kaza, sa'a kaza, a ƙarƙashin wane.

Neman malamin da ya dace

Da tambaya ake farawa, sunan jami'a ya biyo baya. “Lafiyar ƙwaƙwalwa a zango” fage ne, bai zama tambaya ba tukuna. Matse shi har ya zama abin da mutum ɗaya zai iya gamawa cikin shekara: yaya mata masu jego a Asawase ke bayyana damuwar bayan haihuwa, kuma ma'aunin EPDS mai tambayoyi 10 yana kama ta in aka mayar da shi Hausa? Da irin wannan a hannu sai ka shiga Google Scholar ka nemi waɗanda suka yi rubutu a kai cikin shekara biyar da suka wuce. Ka karanta takardu biyu ko uku na kowane malami har ƙarshe, musamman inda ya faɗi abin da aikinsa bai kai gare shi ba, domin a nan ƙofarka take. Misali a gida: an san Legon da binciken kashe kai, ta hannun malamai irin su Farfesa Charity Akotia da Farfesa Joseph Osafo, kuma a 2023 majalisar dokoki ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka. Mai son nazarin yadda limaman zango ke tarbar iyalin da abin ya shafa bayan sauyin dokar yana da tambayar da ta zauna daidai da aikin sashen.

Ga Amurka da Kanada, tsakanin Agusta da Oktoba ake tuntuɓa, bayan ka duba shafin sashe ka ga ko malamin zai ɗauki ɗalibi a wannan shekarar. Da Turanci za ka rubuta, kalma 120 zuwa 150, amma ga ma'anar abin da ya kamata saƙon ya ƙunsa:

“Farfesa Wance, sunana Wane, na gama digirin saikoloji a Legon, yanzu ina mataimakin bincike a wani aiki kan mata masu jego. Na karanta takardarki ta bara kan auna damuwar bayan haihuwa, inda kika ce ba a gwada ma'aunin a harsunan gida ba. A kundina na yi hira da mata 18 da Hausa, na ga sun fi faɗin ciwon jiki da rashin barci a kan baƙin ciki. Ina son in bi wannan a PhD. Za ki ɗauki ɗalibi a shekara mai zuwa? Ga tarihin karatuna a haɗe.”

Babu dogon kirari, babu roƙon kuɗi a layin farko. In mako biyu ya wuce shiru, tunatarwa ɗaya ta isa. Abin da ke kashe irin wannan saƙo sananne ne: wasiƙa ɗaya ga farfesoshi talatin, kiran mace da laƙabin namiji, barin sunan wata jami'ar a ciki, ko ambaton malamin da ya yi ritaya shekara biyu da suka wuce. A gida kuwa ƙafa ta fi imel. Je taron ƙara wa juna sani na sashe, yi tambaya mai ma'ana, bi malami ofis a lokacin ganin ɗalibai. Tura Alhaji ko ɗan majalisa ya buga waya yakan sa a tuna da sunanka, amma ba ta fuskar da kake so ba.

Takardar manufa

A 2006 Drew Appleby da Karen Appleby sun buga binciken da suka yi, inda suka tambayi shugabannin kwamitocin ɗaukar ɗaliban saikoloji a Amurka abin da ke kayar da mai nema wanda da ya cancanta. Mutum 88 suka amsa, kuma amsoshin sun taru gida biyar: takardar manufa mai cutar da mai ita, wasiƙun shaida masu lahani, rashin sanin shirin da ake nema, rubutu maras kyau, da ƙoƙarin burgewa da ya kauce hanya. A ƙarƙashin na farko sun ambaci zurfafa bayanin ciwon ƙwaƙwalwar mai nema, fallasa sirrin kai fiye da kima, da nuna son taimakon mutane har ya wuce misali.

Wannan na ƙarshen shi ne ciwonmu. “Tun ina ƙarami nake son taimakon al'ummata, kowa a unguwa ni yake kawo wa matsalarsa.” Mai karatu ya ga irinta sau hamsin kafin azahar, kuma ba ta faɗa masa komai game da iyawarka ba. Kwatanta da wannan: “A asibitin da na yi bautar ƙasa na lura iyalai da yawa sai sun shekara suna zagayen masu ruƙiyya da masu maganin gargajiya kafin su iso, wasu kuma suna haɗa biyun ba tare da sun faɗa wa likita ba. Kundina ya tambayi dalili.” Son taimakon na nan a ciki, amma ya zo da ido mai lura da kuma aiki.

Game da rashin lafiyar kanka ko ta wani naka, ra'ayinmu shi ne ba abin kunya ba ne, kuma ba dole a binne shi ba. Jimla ɗaya da ke nuna inda sha'awar ta samo asali ta isa, sai ka wuce zuwa aiki. Shafi guda na labarin jinyar mahaifiyarka yana sa kwamiti tunanin ko waraka ka zo nema, sannan sirrinta ne ka baza ba da izininta ba.

In ba a ƙayyade tsawo ba, shafi biyu, kalma 800 zuwa 1,000. Kusan rabi ya tafi kan binciken da ka yi: tambayar, rawar da ka taka, abin da aka samu, abin da ya ba ka wahala da yadda ka warware shi. Kashi ɗaya cikin huɗu kan abin da kake son yi da malamin da za ka yi da shi, da sunansa da dalili. Ragowar a raba tsakanin buɗewa da inda kake son digirin ya kai ka. Wannan sashe na malami sai an sake rubuta shi ga kowace makaranta. Kada ka ba mai shagon intanet ko manhajar ƙirƙirar rubutu su rubuta maka. Rubutun yakan fito sumul amma ba kowa a cikinsa, kuma ranar ganawa za a tambaye ka jimlar da ba ka san ma'anarta ba.

Wasiƙun shaida

Uku ake nema galibi, kuma aƙalla biyu su fito daga malaman da suka ga aikinka da idonsu. Liman, sarkin zango, ɗan majalisa, kawunka likita, duk mutanen kirki ne, amma shaidarsu ta hali ce, kwamiti kuwa ta aiki yake nema. Babban farfesan da ya koyar da kai cikin ɗalibai ɗari biyar zai rubuta layi huɗu, cewa kai mai ladabi ne mai ƙwazo. A wurin mai karatu a waje, gajeriyar wasiƙa irin wannan alamar sanyin gwiwa ce, ko da marubucin alheri ya nufa. Ƙaramin malamin da ya duba kundinka, wanda zai iya cewa ka gano kuskure a bayanai ka gyara da kanka, ya fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Ka nema mako shida zuwa takwas kafin ranar rufewa, kuma ka yi tambayar yadda mutum zai sami hanyar zamewa: “Dakta, kana ganin ka san aikina sosai har ka rubuta mini wasiƙa mai ƙarfi?” In ya yi jim, gode masa ka nemi wani. Wanda ya amsa ka ba shi takardar sakamako, tarihin karatu, daftarin takardar manufa, jerin makarantu da ranakunsu, da rabin shafi na abubuwan da kuka yi tare don tuni. Roƙe shi ya aika da imel ɗin jami'a, domin wasu makarantu na zargin wasiƙar da ta fito daga Gmail. A fom ɗin Amurka za a tambaye ka ko ka yafe haƙƙin ganin wasiƙar. Yafe, don wadda mai ita zai iya karantawa ba ta da nauyi. Sannan ka tuna masa saura mako biyu, da kuma saura kwana uku. Fayil da yawa sun mutu ne a kan wasiƙa ta uku da ba ta iso ba.

Ganawa

Sassa da dama a Ghana suna haɗa jarrabawar shiga da ganawa, kuma hanyoyin bincike da ƙididdiga ba sa rasa fitowa. A Amurka tsakanin Janairu da Fabrairu ake yi, sau da yawa ta Zoom. Ka iya bayanin kundinka cikin minti biyu, har da rauninsa. Tarbiyyarmu ta sunkuyar da kai gaban manya da amsa “to” ga komai tana da kyau a zaure, amma a nan ana iya karanta ta a matsayin rashin ra'ayi. Ɗaga kai, in ba ka yarda ba ka faɗa da hujja, in ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ga yadda za ka nemo. Ka shirya tambayoyi uku naka game da aikin malamin da yadda yake duba ɗalibai. Hirar da za a haɗa ka da tsofaffin ɗalibai ita ma ganawa ce, ana tambayarsu ra'ayi. Ka tanadi layin intanet na biyu da cajin da zai kai sa'a biyu ko wuta ta ɗauke.

Ƙananan abubuwa masu kisa

Suna shi ne na farko a wurinmu. Mohammed a WASSCE, Muhammad a digiri, Mahama a fasfo. Abdul-Rahman a haɗe nan, a rabe can. Ranar haihuwa ta Ghana Card daban da ta makaranta. Na'ura ba ta san mutum ɗaya ba ne, sai takardunka su watse fayil biyu, kowanne bai cika ba. Yi takardar rantsuwa tun da wuri, ka riƙa amfani da rubutun fasfo a ko'ina. Sakamakon jarrabawar Turanci ta TOEFL da IELTS shekara biyu yake aiki, na GRE, jarrabawar neman shiga babban digiri, biyar. Makarantu da yawa sun daina neman GRE tun 2020, wasu kuma suna yafe wa ɗan Ghana jarrabawar Turanci, amma ka gani a rubuce a shafinsu kafin ka dogara. Ka gwada katin bankinka da biyan dala mako guda kafin ranar, kada ka tsaya sai daren ƙarshe.

In an riga an ƙi ka

Kada ka sake tura fayil ɗin bara da sabuwar kwanan wata, amsar bara za ta dawo. Bayan wata guda ka rubuta gajeren saƙo ka tambayi abin da za ka ƙarfafa. Wasu ba za su amsa ba, amma a gida malamai kan faɗa in ka je da kanka ba da fushi ba. Sannan ka dubi inda ka nema. Wanda ya tura wa manyan jami'o'i uku kawai don sunansu, caca ya yi. Ga PhD a Amurka makarantu takwas zuwa goma sha biyu da aka zaɓa saboda malamai shi ne daidai, kuma da yake kowane fom na cin dala hamsin zuwa sama da ɗari, ka tambayi kowace ko tana yafewa. Ofisoshin EducationUSA, masu ba da shawara kan karatu a Amurka, na Accra da Kumasi suna taimakawa wajen tace jeri. Ga mafi yawan masu digirin farko daga nan, hanyar da ta fi tabbas ita ce MPhil a gida tukuna, da kundi mai kyau da malamai biyu da suka san ka, sannan PhD. Mai hangen tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya ya sani sai da aikin shekara biyu, sa'a 2,800.

Lissafin shekarar kuwa daga baya ake yinsa. Yawancin shirye-shiryen PhD na Amurka 1 ga Disamba suke rufewa. Ke nan Nuwamba na tura fom ne da bin wasiƙu, Oktoba na roƙon masu shaida da gyaran takardar manufa, Agusta da Satumba na tuntuɓar malamai da aika sakamako WES, Yuni da Yuli na jarrabawa da karanta takardun malamai. Daga Janairu zuwa Mayu kana cikin aikin bincike, wanda zai ci gaba har ranar turawa. In aka sa ka a jerin jira, ka amsa cikin kwana biyu cewa kana nan kana so, ka ƙara da duk wani sabon abin da ka kammala. Jami'o'in Amurka da yawa sun yi yarjejeniyar ba waɗanda aka yi wa tayin tallafi wa'adi har 15 ga Afrilu su yanke shawara, saboda haka a makon nan kujeru ke motsi. Ka riƙa duba imel safe da yamma, har da akwatin tarkace.